Ranar da MaSiwela Ta Hana a Buɗe Tukwane

A unguwar Njube ta birnin Bulawayo, in ka tambayi gidan MaSiwela sai an fara ce maka, "Mai yankan burodi?" kafin a nuna maka gida na huɗu daga kwanar coci, mai bishiyar lemo a ƙofa. Ba ta son sunan, amma ta gaji da faɗa a kansa tun da daɗewa. Shekara talatin da huɗu ta yi a kicin ɗin wani kulob na manyan ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma duk tsawon shekarun nan aikinta bai canja ba: 'yan abubuwan motsa baki masu sanyi, waɗanda ake zagayawa da su a tire kafin a zauna cin abinci sosai.

Tana da shekara goma sha bakwai ta baro ƙauyensu na Kezi, da riga biyu a ƙunshi da sunan da iyayenta suka sa mata, Sikhangezile. Ta samu aikin gida a unguwar Hillside wurin wata Baturiya, Misis Kerrigan, mace marar yawan magana. Ranar farko da aka ba ta kokwamba ta yanka, sai ta yanka shi kamar za a zuba a miya. Matar ta ɗauki yanki ɗaya ta ɗaga shi saitin taga, ta girgiza kai. Ta karɓi wuƙar ta yanka nata, ta ɗaga, sai ga hasken rana yana ratsa shi. Ta miƙo wuƙar. Kokwamba goma sha ɗaya Sikhangezile ta ɓata a makon nan kafin hannunta ya faɗa. Da iyalin suka tattara za su bar ƙasar, Misis Kerrigan ta rubuta mata takarda zuwa kulob, aka ɗauke ta a ranar.

In ka tambaye ta, cewa take aikin ba shi da wuya, mutane ne ba su da haƙuri. Burodin jiya ake so, na yau lotsewa yake yi a ƙarƙashin wuƙa. Bota sai ta kai har gefe, domin ita ke tare ruwan kokwamba kada ya jiƙa burodin. Shi kansa kokwamban a barbaɗa masa gishiri, a shimfiɗa a kan tsumma ya tsane tukuna. Ɓawon burodi a yanke shi gaba ɗaya. Ƙwai in yana dahuwa a riƙa juya shi da cokali don gwaiduwa ta zauna a tsakiya, sannan a raba biyu, a kwashe gwaiduwar a murje ta da mayonis da ɗan barkono, a mayar. Cuku da ƙananan tumatir a soke a tsinke. Naman sa da ya huce a yanka shi kamar takarda, a naɗe. Kowane baƙo guda shida, kada a rage, kada a ƙara. In an gama jerawa a lulluɓe da tsumma mai ɗan danshi. Ita kaɗai takan shirya na mutum ɗari uku tsakanin hantsi da la'asar, kuma a tarihin kulob ɗin ba a taɓa dawo mata da tire da saura ba.

A Njube kuwa babu wanda ya ɗauki wannan girki. In an yi rasuwa ko biki, matan ƙungiyar taimakon juna ta unguwa su ɗora manyan tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku, ita kuma a tura ta yankan kabeji, tun da an ce wuƙa ta iya. Ba ta taɓa musu ba. Takan zauna a kan bokiti ta yanka kabejin siri-siri kamar zare, mata suna mata dariya suna cewa ai ba wanda zai auna shi a baki.

Mijinta Mlotshwa mai gyaran taragu ne, ya rasu ɗansu tilo Mehluli yana aji uku. Ita ta rene shi har ya zama mutum, sannan ya bi sauran samarin unguwa zuwa Egoli, wato Johannesburg, aikin gini. A can ya haɗu da Nokuthaba, 'yar gidan Mabhena na karkarar Nkayi, suka zauna tare, suka haifi 'ya. Wata Asabar wani direba daga cikin masu jigilar kaya tsakanin ƙasashen biyu ya tsaya a ƙofar MaSiwela, ya sauke buhun shinkafa da galan ɗin man gyaɗa da yarinya 'yar shekara biyu da takarda a maƙale a rigarta. Sunanta Sisa. Iyayen suna aiki, babu mai kula da ita, a riƙe musu na ɗan lokaci.

Ɗan lokacin ya zama shekara bakwai. A cikinsu MaSiwela ta ajiye aikin kulob, sai jefi-jefi in wani ofis a gari zai yi walima a kira ta. Sisa ta yi haƙora ta fidda, ta shiga makaranta, tana kwana a bayan kakarta, wadda take kira Gogo, wato kaka, da ƙafa ɗaya a kan cinyarta. Ana nan Mehluli ya faɗo daga bene na huɗu a wurin aiki, aka kawo gawarsa a irin motar da ta kawo 'yarsa.

Ba a taɓa ɗaura auren Mehluli da Nokuthaba ba, ba a kai shanun sadaki Nkayi ba, don haka a al'ada yarinyar ta dangin uwa ce. Nokuthaba ta koma Egoli bayan jana'iza, ba ta ce a ba ta 'yarta ba, ba ta kuma ce a riƙe ba. Iyayenta ne masu magana. Tsoho Mabhena, kakan Sisa na wajen uwa, ya ce ranar kuka ba ranar zancen yaro ba ce. In shekara ta zagayo za su zo bikin buɗe dutsen da za a kafa a kabarin, sai su ga inda jikarsu take zaune. Kowa ya gane abin da yake nufi. Ko a bar wa MaSiwela yarinyar, ko a tafi da ita, a ranar za a yanke.

Aka sa ranar a Asabar ta farko cikin Agusta, an rufe makarantu ke nan, sanyi bai gama tafiya ba, iska kuma ta fara. Ƙungiya ta ba da sa, aka ƙiyasta mutum ɗari biyu. Saura mako guda MaSiwela ta faɗa wa maƙwabciyarta NaZenzo shirin da ta yi. NaZenzo ce shugabar masu girki, mace mai jiki da murya, tun suna amare suke tare. Tana wanki a lokacin, sai ta tsame hannu ta share a zani.

"Sake faɗi in ji, ƙila kunnena ne ya tsufa."

"Na ce in an dawo daga maƙabarta, awa guda ba za a buɗe tukunya ko ɗaya ba. Da tire za a fara zagayawa."

"Awa guda. Mutanen Nkayi. Da za su taso tun zakara bai yi cara ba."

"Haka ake yi."

"A ina ake yi? A gidan Turawanki da suka gudu suka bar ki da wuƙa?"

"Ke ba ki san tsarin ba ne."

"Na san yunwa dai. Ke uwar Mehluli, ki ji ni da kyau. Baƙon da ya sha hanya zafi yake nema a cikinsa. A zuba musu ruwan ɗumi su wanke hannu, a ba su shayi, a ba su tuwo da nama. In ciki ya ɗauka sai ki fito da 'yan kwalliyarki su yi wasa da su."

"In sun ƙoshi wa zai kalle su?"

NaZenzo ta mayar da hannu cikin ruwan wanki.

MaSiwela ta ce, "Me nake da shi da zan nuna musu? Shanu? Miji? Ɗaki biyu ne da bishiyar lemo. Tuwo kuwa kowace mace a Nkayi ta fi ni iya tuƙa shi. Amma wannan babu mai iya shi daga nan har kogin Shangani. So nake su gani da idonsu cewa yarinyar tana hannun wadda ta san wani abu."

"To, malama mai sani. Gidanki ne, ɗanki ne. Amma in abu ya lalace kada ki zo ƙofata da kuka, ba ni da kujera."

Tun ranar Alhamis ta soma. Guda shida sau ɗari biyu, dubu da ɗari biyu ke nan, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata hannu ba. Ta aro tire goma sha huɗu daga tsohon mai kula da kayan kulob, ta goge su da toka har suna ɗaukar ido. Ranar Juma'a ta dafa ƙwai ɗari da hamsin, kashi-kashi, tana tsaye a kansu da cokali. Wutar lantarki ta ɗauke kamar yadda ta saba, bai dame ta ba. Ta buɗe tagar ɗakin kwana, ta shimfiɗa katako a kan gado ta jera komai, tana cewa a ranta sanyin bana ya zo mata da taimako, firji ne kyauta. Cikin kwana biyun nan ba ta ɗora tukunyar gida ba. Ita da Sisa suka riƙa cin ɓawon burodi da guntun gwaiduwa da shayi, a tsaitsaye, yarinyar tana jin daɗi kamar ana biki.

Asabar da safe motar Nkayi ta wuce kai tsaye maƙabartar Luveve da mutum arba'in da wani abu. Iska tana kaɗawa tana shiga har ƙashi. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, dattawa uku suka yi jawabi, aka rera waƙoƙi, sannan aka kama hannun Sisa aka sa ta janye farin ƙyallen da ya rufe dutsen. Ta karanta sunan ubanta da ƙarfi ba ta yi tuntuɓe ba. MaSiwela ta saci kallon MaDlodlo, matar Mabhena, kakar yarinyar ta wajen uwa, ta ga tsohuwar tana gyaɗa kai. Zuciyar MaSiwela ta ɗan yi sanyi. Ta ce a ranta, an fara da kyau.

Wajen ƙarfe ɗaya aka dawo gida. Maza suka zauna a kujerun roba a ƙarƙashin tamfol, mata a tabarmi, kowa ya duƙunƙune cikin bargo ko kwat. Daga bayan gida ƙamshin naman sa yana tasowa, iska tana kawo shi har hancin mutane. Baƙi suka zuba ido ta inda kwano da butar wanke hannu za su fito. Ba su fito ba. Ga MaSiwela, abin da ake ɗauka da tsinke ba ya bukatar wanke hannu, 'yar takardar goge baki ta isa.

Ta fito da farar rigarta ta kulob mai guga, tire a tafin hannun hagu, bayanta a miƙe. Ita da kanta ta nufi Mabhena, dogon tsoho cikin kwat mai nauyi, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ba ta durƙusa ba. Shekara talatin da huɗu an koya mata cewa mai tire ba ya durƙusawa, sunkuyawa kaɗan yake yi daga ƙugu. Tana tsaye a kansa ta miƙa.

Tsohon ya dubi tiren. Fararen burodi masu kusurwa uku a jere kamar haƙora, ƙwai da ɗigon ja a kan kowanne, tumatir a tsinke. Ya jingine sandarsa, ya sa hannu biyu ya kama tiren zai ɗora a cinya.

"Na gode, Mama."

Ba ta saki ba. "A'a Baba, ɗaya za ku ɗauka."

"Ɗaya?"

"Ɗaya ko biyu. Zan sake zagayowa."

Ya saki a hankali. "Wannan farantin na mutum nawa ne?"

"Na ashirin, Baba."

Wani daga cikin mutanensa da ke bayansa ya ce, ba da ƙarfi sosai ba, "Ashe birni ma fari ake yi bana." Dariya ta ɗan bi layin kujeru ta mutu.

Mabhena ya ɗauki burodi ɗaya, ya buɗe shi ya leƙa ciki. "Ganye ne. Ɗanye." Ya rufe, ya sa a baki gaba ɗaya, ya haɗiye don kada ya ba ta kunya. Sannan ya ɗauki rabin ƙwai. Sanyinsa ya taɓa masa haƙori, ya runtse ido.

"Mama, wannan ƙwan yaushe ya rabu da wuta?"

"Jiya, Baba," in ji ta, har da ɗan murmushi, domin a wurinta wannan shi ne shaidar shiri mai kyau. "Tun jiya da rana na gama su."

"Jiya," in ji tsohon. Ya ajiye sauran a kan takardar goge baki, ya ɗauki sandarsa.

Kalmar ta tsallaka daga kujeru zuwa tabarmi kafin MaSiwela ta kai mutum na biyar. An ba surukai kwantan jiya. Ko ɗumame ba a yi masa ba. Ga nama can yana ƙamshi an rufe, ana jiran wa? Ita ba ta ji ba. Tana zagayawa, matan ƙungiya biyar suna bin ta da sauran tirori, fuskokinsu kamar masu rakiyar gawa. Mutanen gari kuwa suna ɗiba suna yabawa. Matar fasto ta riƙe mata hannu tana tambayar me ta sa a gwaiduwar, ita kuma ta tsaya tana yi mata bayani.

A lokacin ne MaDlodlo ta yafito Sisa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai kaifin ido, ta ja yarinyar cikin bargonta, ta kama hannayenta biyu tana murzawa.

"Kai, wannan hannu kamar na kwaɗo. Me kika ci da safe, 'yar 'yata?"

"Ɓawon burodi da shayi."

"Jiya da dare fa?"

"Shi ne."

"Shekaranjiya?"

Sisa ta yi tunani, don ba ta son ta yi ƙarya. "Shi ne, da gwaiduwa. Gogo ta ce cikin burodin na baƙi ne, mu namu ɓawon. Yana da daɗi, in kin tsoma a shayi."

MaDlodlo ta saki hannayen yarinyar. Ta ƙara ja mata bargon, ta juya ta yi magana da matan da ke kusa da ita.

Mutanen ƙauye ba sa zuwa taro hannu rabbana. A saman motar akwai buhun garin masara da kaji biyu da damin itacen mopane, gudummawar da suka kawo wa mai gida, ba a riga an sauke ba. Mata uku suka tashi, suka sa yaron mota ya jefo damin. Suka tsallaka bakin titi, daidai ƙofar gidan, suka nemo duwatsu uku. Ɗaya ta zaro ƙatuwar butar shayi daga ƙarƙashin kujerar mota, ta roƙi ruwa a famfon gidan da ke kallon na MaSiwela. Ba su ɗaga murya ba, ba su harari kowa ba. Suka hura wuta.

Hayaƙin ne ya fara shiga idon NaZenzo. Ta leƙo daga bayan gida da muciya a hannu, ta ga abin da ke faruwa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Baƙi sun hura wutarsu a ƙofarmu! A Njube! Ku buɗe tukwanen nan, ku buɗe na ce! In ta ga dama ta daina gaishe ni har in mutu. Ina kwanon wanke hannu? Ke, tsaya kallona za ki yi?"

MaSiwela ta juyo da tire a hannu. Ta ga wutar, ta ga maƙwabta sun fito sun jingina da shingayensu suna kallo, ta ga wata yarinya daga Nkayi ta durƙusa a gaban Mabhena da kofin shayi yana tururi, tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ta duba agogon hannunta, ita ma ba ta san dalili ba. Minti talatin da biyar kacal aka yi.

Aka kawo ruwan ɗumi, aka kawo abinci. Tuwon ya daɗe a rufe har ya yi tauri a gefe, naman dai ya yi kyau. Mutanen Nkayi suka ci, suka yi godiya yadda ya kamata, domin ba mutanen wulaƙanci ba ne. Amma kowa a layin ya ga cewa abu mai zafi na farko da ya shiga cikinsu daga wutarsu ya fito. Tirorin kuwa samarin unguwa da yara suka share su tas.

Da la'asar aka shiga ɗaki don magana. Mabhena da matarsa a gefe guda, MaSiwela da ƙanen marigayi mijinta a ɗaya gefen. Shi ƙanen mijin tun da aka zauna takalminsa yake kallo.

Mabhena ya yi gyaran murya. "Mama, ba da faɗa muka zo ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Daga Nkayi har nan ni da matar nan ba mu yi wa juna magana ba a mota, saboda ni cewa na yi a bar yarinya inda take. Makarantar gari ta fi tamu, asibiti yana kusa. Na ce mata, baiwar Allah nan ta riƙe ta shekara bakwai, mu me muka tsinana? Haka na zo da shi a raina. Yanzu kuwa ban san da wane baki zan tare ta ba."

MaSiwela ta zamo daga kujera ta durƙusa, abin da ba ta yi ba da rana. "Baba, ku yi haƙuri. Kullum ina tuƙa mata tuwo, ku tambayi duk layin nan. Kwana biyun nan ne kawai, saboda aiki. Abin da na ba ku shi ne mafi kyawun abin da na iya. Manyan mutane sun ci shi sun aiko a kira ni daga kicin. Ban yi don raini ba."

"Na yarda," in ji MaDlodlo. Muryarta ba ta da zafi ko kaɗan, abin da ya fi ciwo ke nan. "Na ga hannunki, 'yar'uwa, kin sha wahala a kansa. Ban ce ba kya ba ta abinci ba, ga ta nan da kumatunta. Amma yau kin san muna zuwa. Shekara guda kina sane. Kika zauna kika yi tunani, abin da tunaninki ya ba ki ke nan. Yarinyar nan mace ce, wata rana za ta yi baƙi, za ta je gidan wasu. A wurin wa za ta koya?"

MaSiwela ta ɗago kai. Ta dubi ƙanen mijinta. Ya ce lallai iska ta yi yawa yau.

"Ta bi mu hutu," in ji Mabhena, yana kallon bango. "Ta ga 'yan'uwanta, ta sha madara. Sauran magana sai a hankali."

Babu wanda ya faɗi ranar dawowa, ba ta kuma tambaya ba, don ta san in ta tambaya za a ba ta amsa.

Ita ta haɗa kayan da hannunta. Riguna huɗu, rigar sanyi, takalmin coci. Ta ɗauki kayan makaranta ta riƙe, ta mayar da su inda ta ɗauko, hutu aka ce. Sisa tana ta tsalle, an gaya mata akwai 'yan awaki da jaki da za ta hau. A bakin mota ta rungume kakarta da sauri, ido yana kan kujerar taga kada wani ya riga ta.

"Gogo, sati nawa ne?"

"Ki gaishe su da kyau. Ki durƙusa in za ki ba babba abu."

"Na sani. Sati nawa?"

Yaron mota ya buga ƙofa, aka ɗaga ta aka shigar.

Washegari NaZenzo, wadda ta ce ba ta da kujera, ita ta zo da kujerarta ta zauna a ƙarƙashin lemon. Ta ce ko da an yanka musu shanu goma da zafinsu, da sun tafi da yarinyar, tsohuwar nan da shirinta ta zo, tsohon kuma daɗin baki ne kawai. Mutane da yawa a Njube haka suke gani har yau. Wasu kuma suna cewa a'a, Mabhena ba ya magana biyu, da an ba shi shayi da an gama. MaSiwela ba ta shiga gardamar. Ta ji abin da tsohon ya faɗa da kunnenta, kuma ta yarda da shi.

Aka buɗe makarantu a Satumba, ba a dawo da Sisa ba. Aka ce ta saba, an sa ta makaranta a can, a bari zango ya ƙare. A ƙauyen waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu kusa da wurin wankan shanu, don haka sai ranar Lahadi in wani ya ga dama ya raka ta. Da farko takan yi surutu har kuɗin wayar ya ƙare, jaki ya yi kaza, ta iya tatsar akuya. Daga baya ya koma gaisuwa da "lafiya lau" da shiru, iska tana busawa a cikin wayar. A Kirsimeti MaSiwela ta yi niyyar zuwa, aka aiko cewa ruwa ya cinye hanya.

Cikin Janairu saƙo ya zo daga Mabhena, da ladabi kamar kullum. Shugaban makarantar can ya ce ba zai ci gaba da riƙe yarinya a aji ba in babu takardar haihuwarta. In Mama ta ga dama ta taimaka.

Takardar tana hannunta. Ita ta yi jerin gwano kwana uku a ofis kafin ta samo ta, da sunan ɗanta a kai. NaZenzo ta ce kada ta kuskura ta bayar.

"Ki ce ta ɓata. Ki ce ɓera ya ci. In suna son makaranta su dawo da ita inda takardarta take. Wannan kaɗai ya rage miki, ke ko ba ki da wayo ne?"

"Sai ta zauna a gida ana gardama a kanta? Shekara ta wuce ta?"

"Wata ɗaya ne za su sauko."

"Ba za su sauko ba. Tura ta kiwo za su yi."

Kwana huɗu takardar tana kan tebur. Ran na biyar ta sa ta a ambulan, ta naɗe da leda saboda ruwan sama, ta hau ƙaramar mota zuwa tashar Entumbane. Motar Nkayi ta kusa cika, ana ɗaura buhuna a sama. Ta sami kwandastan, ta faɗa masa sunan gidan da inda zai tsaya, ta sa ya maimaita sau biyu. Ya tura ambulan ɗin cikin aljihun ƙirji ya danne maɓalli.

"An gama, Gogo. Akwai saƙon baki?"

Ta tsaya tana tunani har direba ya danna ham.

"Ka ce kada su ninke ta," in ji ta. "In ta karye a tsakiya ofis ba sa karɓa."